Akwatunan Gwaggo Tara

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Gwaggona, yayar mahaifina, ta rasu wata Talata da hantsi a ɗakinta da ke Samaru, bayan jinyar da ba ta kai wata biyu ba. Kafin la'asar an kai ta makwancinta. Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da ita. Ba zan ɓoye ba, har da don kada a manta da abin da aka yi mata.

Gidanmu bai taɓa ganin taron malamai irin na kwanakin makokin nan ba. Malaman firamare ne, daga Jama'a, daga Chikaji, daga Basawa, wasu da farin alli a hannun riga don daga aji suka taho. Matan unguwa har raɗa suke yi, wai dama tsohuwar nan wata babba ce a gwamnati? Ba babba ba ce. Ma'aikaciyar laburare ce a sashen yara, kuma har ta yi ritaya ba ta taɓa samun ofis mai ƙofa ba.

Aminiyarta, tsohuwar shugabar wata firamare a Basawa da duk muke kira Mama Hedimasta, ta zo daga wajen taron matan cocinsu ko gida ba ta biya ba. Ta zube a tabarma tare da mu duk da ciwon gwiwarta. Ba ta yi kuka ba. Sai dai ta riƙa waiwayen ƙofar ɗakin Gwaggo tana cewa, "Yanzu wa zai riƙa yi mini faɗa?" Wani mai keke napep ya tsaya a zaure ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce a gaya wa mutanen gida har yau yana jin kunyar littafin da ya bari akuya ta cinye yana aji uku. Ya ce Gwaggo ba ta dake shi ba, tambayarsa kawai ta yi ko ya riga akuyar gamawa.

Ranar sadakar uku sai ga wanda ban taɓa zaton zai iya taka ƙofar gidanmu ba: shugaban laburaren da Gwaggo ta yi wa aiki. Ba zan kama sunansa ba, kuma ba don ina ganin girmansa ba ne. Ma'aikatansa Oga Makulli suke ce masa a bayan ido, saboda tarin makullan da yake ratayewa a ƙugu, tun kafin ka gan shi za ka ji ƙararsu. Ya sha farar shadda, ya nemi izini ya shigo tsakar gida gai da mata. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya uwa ce a gare mu. Laburare ya yi rashin da ba zai mayar ba." Har da share ido da hankici.

Da ya juya zai fita sai ya ce wa Baba, da ƙarfin da kowa zai ji, "Alhaji, akwai akwatunan littattafai a ɗakinta, masu tambarin laburare. Bayan sadakar bakwai zan zo da mota. Za mu jera su a kabad na gilashi, mu rubuta sunanta a sama don tunawa."

Baba mutum ne mai gudun rigima. Ya ce, "Madalla, Allah ya saka da alheri."

Ina riƙe da butar shayi a lokacin. Wallahi ba don Mama Hedimasta ta danƙe mini tsintsiyar hannu ba, da shaddar nan ba ta koma gida fara ba.

Wanda bai san Gwaggo ba ba zai gane me ya sa maganar gilashi ta ƙona mini rai ba, don haka bari in faɗi ko wace ce.

Gajeruwa ce, mai saurin tafiya, mai saurin baki. Ba ta iya miya ba, kuma duk wanda ya faɗa mata haka ya shiga uku. Goro kuwa ba ya barin kumatunta. Aikinta a laburare shi ne shirya akwatunan ƙarfe, kowane cike da littattafan labarai da na hotuna da 'yan littattafan jagora na malamai, ta ɗora a bayan ɗan acaba ta kai makarantun firamare. Akwati ya yi zango guda a makaranta, ta zo ta canza shi da wani.

Amma abin da aka fi saninta da shi wani abu ne da ya sa mutane da yawa suka ɗauka tana da taɓin hankali. Duk sabon littafin da ya shigo hannunta, kafin ya fita, sai ta tauna goro, ta lashi babban yatsanta, ta buɗe shafin farko ta dangwala. Jan tabo, ɓaro-ɓaro. Sannan ta lanƙwasa bangon baya da gaba har sai ya daina ƙyalli.

Tana da dalilinta. Malamin firamare a ƙasar nan ya san in kayan gwamnati ya lalace a hannunsa, takardar tuhuma ce za ta biyo baya. Saboda haka in ka ba shi sabon littafi, abin da zai yi shi ne ya ɓoye shi inda yaro ba zai gani ba, ya dawo maka da shi fes. Gwaggo takan nuna wa malami tabon ta ce, "Ka gani? Ni na fara ɓata shi. In an zo tuhuma ka ce a zo wurina. Yanzu ka ba yara."

Ni kaina sai da na faɗa wannan ramin. Shekarar da na fara koyarwa a Chikaji, aji huɗu, ta kawo mini akwati. Na yi godiya, na kai shi ofishin hedimasta na tura ƙarƙashin tebur, aka ɗora ƙararrawar makaranta a kai. Bayan wata guda ta dawo ba sanarwa. Ta sa aka kinkimo shi har cikin ajina, ta buɗe, ta ɗauki littafi ɗaya ta shinshina.

"Warin akwati yake yi," in ji ta. "Ke, gadi na kawo miki ki yi musu?"

Na ce, "Gwaggo, yaran nan hannunsu duk manja ne da ƙuli-ƙuli."

"To manjan nake so in gani! Littafi mai tsabta ai ba a karanta shi ba ne. Da kwalinki na koyarwa da komai, ashe mai gadi ƙanena ya haifa."

A gaban ɗalibaina ta faɗi haka. Mako biyu na yi ba na gaishe ta, muna gida ɗaya. Ba ta ba ni haƙuri ba, ba ta san hanyar da ake bi a ba da shi ba. Abin da ta yi shi ne wata Juma'a da safe ta shigo ajina ta ce in koma baya in zauna. Ta karanta musu labarin wani jaki da ya ƙi tsallaka gada, tana kukan jaki da gaske, tana tafiyar mai jakin, yara suna faɗuwa don dariya. Da ta kai tsakiya ta rufe littafin ta ajiye a tebur ta fita. Kafin ta kai bakin titi an yi dambe biyu a kan wa zai fara ɗauka.

Haka take yi wa malamai ma. Duk Asabar ɗin farkon wata takan tara su a ƙarƙashin darbejiyar laburare ta koya musu karanta wa yara labari da murya. Na ga ranar da ta sa wani malamin Arabiyya, dattijo mai gemu da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba, ya yi kukan bunsuru. Ya yi a hankali. Ta ce, "Malam, wannan bunsurun ba shi da lafiya. Sake." Ya sake har sau uku. Shi ne ya fi kowa kuka ranar da ta rasu.

Da Innata kuwa ba su taɓa shiri ba, kuma laifin Gwaggo ne. In bangon littafi ya mutu, da ƙyallen atamfa take yi masa sabo, ta ɗinke da zare da basilla. Wata rana Inna ta shanya tsohon zanenta da take ji da shi, ta dawo daga kasuwa ta tarar an yanke masa gefe. Gwaggo ta ce ai ta ga ya tsufa ne. Har yau akwai littattafai a Basawa sanye da zanen Inna.

Ana haka aka kawo Oga Makulli. Bai daɗe ba wasu masu taimako suka aiko da katan-katan na sababbin littattafan yara. Ya ce kada wanda ya taɓa su sai wani babban baƙo ya zo ya yanke ƙyalle an ɗauki hoto. Wata ya wuce, wani ya bi, baƙo bai zo ba. Zango ya kusa ƙarewa. Gwaggo ta gaji, ta farke katan biyu, ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta aika makarantu.

Da ya ji, sai ya tara ma'aikata kaf, har masinja da mai shara. Ya ɗaga littafi ɗaya ya buɗe shafin farko yana zagayawa da shi kamar an kama ɓarawo da kaya a hannu. Ya karanta mata takardar tuhuma a gaban kowa, wai ɓata kayan gwamnati. Sannan ya ce, "Tsohuwa, nan ba rumfar goro ba ce." Matar da ta haife shi ba ta girmi Gwaggo da yawa ba.

Ya cire ta daga sashen yara ya mayar da ita bakin ƙofa, tana karɓar jakunkunan masu shiga tana ba su lamba. Ya aika aka kwaso sababbin da ta rarraba, ya haɗa da sauran ya kulle a sito. Ya soke zaman Asabar. Tsofaffin littattafan akwatuna kuwa, masu tabo da bangon atamfa, ya ce sun zubar wa laburare da mutunci, ya sa aka tara su a bayan gini za a cinna musu wuta.

Gwaggo ta same shi a gaban mutane ta ce, "Ranka ya daɗe, waɗancan ka zubar?"

Ya ce, "Shara ce. In kina so kwashe."

Ta kwashe. Sawu-sawu a keke napep, har akwati tara.

Sau ɗaya na je na gan ta a bakin ƙofar nan, ban sake iya komawa ba. Tana zaune a kan benci, wani malami da ita ta koya wa riƙe littafi yana miƙa mata jaka, ya kasa kallon idonta. Ita ce ma take tsokanarsa don ya saki jiki. Da ta dawo gida ranar ta shiga ɗaki ta ja labule, ko goro ba ta nema ba. A wannan bencin ta ƙarasa shekarun aikinta. Ranar da ta yi ritaya ko lemo ba a buɗe ba, Oga ya ce yana da taro.

Daga ɗakinta ta ci gaba. Akwatunan nan tara suka riƙa zagaya makarantu kamar da, malamai suna zuwa gida suna ɗauka, zaman Asabar kuma a tsakar gidanmu. A hutun ƙarshe ta karɓo su duka don gyara. Ciwo ya kwantar da ita kafin ta mayar, shi ya sa rasuwa ta same su jere a ɗakinta.

Kwana biyu kafin ta cika, bayan la'asar, ta sa aka kira Baba da Inna. Ta nemi yafiyar kowa, har ta zanen nan, Inna tana kuka tana dariya. Ta ce ita ma ta yafe wa duk wanda ya taɓa ɓata mata. Da suka fita na matso na ce, "Gwaggo, har shi?"

Ta gane wa nake nufi. Ta ce, "Har shi. Ba zan je gaban Allah da kayan wannan mutumin a kaina ba." Ta lumshe ido har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Sai ta buɗe ido ɗaya. "Amma kar ki ba shi akwatunana."

To ga shi ya zo nema, da hankici a ido. Bayan ya fita ranar sadakar ukun ne Mama Hedimasta ta ja ni bayan ɗaki ta faɗa mini abin da ya kawo shi. Tana da 'yar coci da ke aiki a laburaren. Ashe masu taimakon nan sun rubuto za su zo su ga yadda yara suke amfana da littattafansu. Oga ya buɗe sito bayan shekaru, ya tarar rufi ya yi ta yoyo, gara ta gama da sauran. Katan ɗin da ka ɗaga sai ya zube ƙasa. Ya mayar da ƙofa ya kulle.

"Kin ga dabarar?" in ji Mama. "Zai jera na Gwaggonki ya ce ga shaida, yara suna karatu har sun tsufar da littafi. In sun tambayi nasu ya ce suna makarantu, an ba da aro. Sharar da ya zubar ita zai rufa asiri da ita, 'yata."

Ban taɓa jin daɗin mugun labari irin na ranar ba. Allah ya yafe mini.

Kwana huɗu suka rage mana. Ba mu kira taro ba, ba mu yi wa kowa dogon bayani ba. Duk malamin da ya dawo gaisuwa, in makarantarsa tana cikin masu karɓa, sai in ja shi gefe in ce akwatinku yana jira. Da rana tsaka muka yi komai. Malamin Arabiyyan nan da kansa ya ɗora nasu a ka, da rawaninsa da komai. Baba yana zaune a zaure yana karɓar gaisuwa, akwati na biyar ya zo wucewa ta gabansa.

Ya ce, "Wannan kayan fa?"

Na ce, "Kwanukan sadaka ne za a mayar, Baba."

Ya bi masu ɗauka da kallo, mutum biyu suna nishi. Ya ce, "Kwanukan nan da nauyi suke." Ya ci gaba da jan carbinsa.

Akwati na tara kuma na kai shi ajina a Chikaji. A kwana na takwas, ana cikin darasin karatu, kowane yaro da littafi a hannu, na ji ƙarar makullai a baranda. Ashe Oga ya je gidanmu da a-kori-kura ya tarar da ɗaki wayam, Baba ya ce masa shi bai san harkar littafi ba, a tambaye ni.

Ya tsaya a bakin ƙofa ko sallama babu. "Malama, kin san abin da kika yi sata ne? Akwai tambarin laburare a jikinsu."

Na ce, "Akwai shi ranar da ka tara su za ka ƙona ma, ranka ya daɗe. Amma ba na jayayya da hukuma. Ga su nan. Sai dai ni ba zan karɓa daga hannunsu ba. Kai ka karɓa."

Malamai sun riga sun cika taga. Ya gyara murya ya ce, "Yara, kowa ya kawo littafinsa nan gaba."

Ba wanda ya motsa. Ban koya musu komai ba, Allah ne shaidata. Wata yarinya a layin gaba, 'yar wani mai walda, ta ɗaga jikinta kaɗan ta tura littafinta ƙarƙashi ta zauna a kai, ta naɗe hannu. Na kusa da ita ya yi haka. Kafin ka ce me, aji duka sun zauna a kan littattafansu, na benci da na ƙasa, sun zuba masa ido.

Ya juya ya ce wa direbansa ya shiga ya tattaro. Direban ya leƙo ya ce, "Oga, ni tuƙi aka ɗauke ni. Ba zan ɗaga 'ya'yan mutane ba."

Ya daɗe a tsaye. Na ƙare masa kallo a tsanake, don ina so in riƙe fuskar nan a raina har tsufana. Daga baya ya nuna ni da yatsa ya ce zan gani, ya fita.

Na kuwa gani. Yana da aboki a ofishin da ke rarraba malamai. Ba a yi mako uku ba takarda ta zo, an mayar da ni wata makaranta can bayan Basawa, mota biyu da acaba kafin in isa, kullum. Ajina na Chikaji da na raina tun suna aji uku, wani ke koyar da su yanzu. Wannan ya yi mini ciwo, kuma har yau yana yi.

Ranar da baƙin suka zo ina can ƙauye. Mama Hedimasta ce ta je, ta ci ado kamar mai zuwa biki, ta zauna a sahun gaba. Oga ya ari 'yan littattafai daga wata makarantar kuɗi ya jera, ya yi jawabi. Da aka ce ko akwai mai tambaya, Mama ta miƙe da sandarta ta ce ita tsohuwa ce ba ta da tambaya, roƙo gare ta: a buɗe wa baƙi sito su sa albarka. Ya ce makullin ya ɓace. Shi! Ɗaya daga cikin baƙin, wata mata mai sanyin murya, ta ce ba komai, a kira kafinta.

Mama ta ce da ƙofar ta buɗe, warin ne ya fara fitowa. Matar ta shiga, ta ɗibi abin da ya rage na katan ɗaya a tafin hannu, ta fito da shi ta tsaya a gaban Oga. Gumi ya jiƙa masa shadda har ƙugu. A waya Mama ta ba ni labarin ina tsaye a bakin titi ina jiran mota. Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Na ce ta sake daga wurin kafinta.

Ba a kore shi ba. Irinsu ba a korarsu, an dai ɗauke shi an kai wani ofis inda ba abin da zai kulle sai aljihun tebur. Sashen yara har yanzu babu kowa a ciki. Amma akwatuna tara suna makarantu tara, kuma malaman sun shirya a tsakaninsu, ƙarshen zango kowa zai miƙa wa na gaba.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata kaifin bakinta, ya haskaka kabarinta gwargwadon idanun yaran da ta buɗe. Ya ba Baba da Inna da Mama Hedimasta haƙurin rashinta. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.

Jiya Baba ya kira ni zaure. Ya ce mai abin ta yafe, asirin mutumin ya tonu, me kuma nake riƙe da shi? Ya ce in yafe, ko don zuciyata ta huta. Na durƙusa na ce masa to, Baba, ina ƙoƙari.

Ƙarya na yi masa. Ko farawa ban yi ba.